Yadda Ake Kulle Fayil Kafin a Tura Shi Rumbun Intanet

A ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. An dawo da shi a Gusau a farkon Oktoba, amma sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage matakin ga sauran jihar. A tsawon makonnin nan, wayar mutumin Galadi, Shinkafi, Zurmi ko Kaura Namoda ba ta iya tura komai zuwa Google Drive ba. Wanda wayarsa ta lalace ko aka ƙwace ta a lokacin, ya yi asarar duk abin da ya tara tun ranar da sabis ya ɗauke.

Darasin shi ne, ajiyar da waya ke yi da kanta tana buƙatar abu biyu a gefenta: makulli, da kwafi na biyu da ke hannun mutum.

Me ya sa ajiya kaɗai ba ta isa ba?

Google Drive yana kulle fayilolin da ke rumbunsa, amma makullin yana wurin kamfanin. Saboda haka duk wanda ya shiga asusun Gmail ɗin mutum zai ga komai a buɗe: hoton takardar NIN, sakamakon jarrabawa, rasit ɗin banki, hotunan iyali. Idan kuwa an kulle fayil tun a waya kafin a tura shi, ɓarawon asusu zai tarar da tarkacen haruffa ne kawai. Sai dai kullewa ba tare da kwafi ba ita ma asara ce, domin fayil ɗin zai tafi tare da wayar.

Mataki na 1: WhatsApp

Tun Oktoba 2021 WhatsApp ya ba da damar kulle kwafin hira. A shiga Settings, a taɓa Chats, sai Chat backup, sai End-to-end encrypted backup. A zaɓi kalmar sirri ko makulli mai lambobi 64. A wannan shafin ne kuma ake saita ajiya ta kullum, ta mako ko ta wata. Wanda ba shi da Wi-Fi ya kunna zaɓin yin ajiya da data, in ba haka ba wayar za ta yi ta jira ba ta tura komai ba. Kashe zaɓin bidiyo yana rage cin data sosai.

Mataki na 2: Takardu da hotuna

Manhajar Cryptomator tana buɗe wani akwati a cikin Google Drive, Dropbox ko OneDrive. Duk fayil ɗin da aka saka a ciki, sai ta kulle shi da tsarin AES-256 kafin ya bar wayar. Tana da zaɓin ɗora sababbin hotuna da kanta. Kyauta ce a kwamfuta, amma ta Android saye ake yi. Wanda ba shi da halin saye zai iya tara takardunsa a fayil ɗaya na 7z mai kalmar sirri ta amfani da ZArchiver, sannan ya ɗora. Wannan hanya da hannu ake yin ta, don haka a ware mata rana ɗaya a mako.

Mataki na 3: Kwafin da ba ya buƙatar sabis

Masana suna bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ɗalibin Federal Polytechnic Kaura Namoda da ke rubuta furojet, wannan na nufin kwafi a waya, kwafi a Drive, da kwafi kulalle a filash ko memori da aka ajiye a gida. Memorin da ke cikin wayar ba ya shiga lissafi, tunda tare za a sace su.

Mataki na 4: Adana makulli

Idan mutum ya rasa wayarsa kuma ya manta kalmar sirrin, WhatsApp ba zai iya buɗe masa kwafin ba, haka ma Cryptomator. A rubuta ta a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta. Kada a ɗauki hotonta a bari a waya. A kuma kwafe lambobin gaggawa guda 10 da Google ke bayarwa a sashen tsaro na asusu, domin ranar da babu sabis, saƙon tes mai ɗauke da lambar shiga ba zai iso ba.

Abubuwan lura

Google yana ba da 15GB kyauta, wanda Gmail, Drive da Photos ke rabawa, kuma tun 2024 kwafin WhatsApp na Android yana ci daga ciki. Idan ya cika, ajiya ta tsaya. Fayil ɗin da aka goge a Drive yana zama a kwandon shara kwana 30 ne kawai. Asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba kuwa, Google na iya goge shi.

Sau ɗaya a wata, a duba ranar ajiyar ƙarshe, a sauke fayil ɗaya a gwada buɗe shi da kalmar sirrin da ke takarda. Idan ya buɗe, aiki ya yi kyau. Idan ya ƙi, gara a gano yau da wayar ke hannu.