Yankin Da Ruwa Ke Iya Kwanciya A Kewayen Taurari

Galibin taurarin da ake gani da dare, kowannensu rana ce irin tamu, nisa ne kawai ya mayar da su 'yan ƙyalli. Da yawansu kuma suna da duniyoyin da ke kewaya su. Masana sararin samaniya sun tabbatar da fiye da 5,000 daga cikin waɗannan duniyoyi tun a 2022, kuma abin da suke fara tambaya a kan kowace shi ne: ruwa zai iya kwanciya a kanta? Dalili kuwa, duk wani mai rai da aka sani, daga giwa har ƙwayar cuta, ba ya rayuwa sai da ruwa.

Wanda ya taɓa jin ɗumi da hunturu ya san yadda abin yake. Wanda ya matsa jikin wuta zai ƙone, wanda ya yi nesa sanyi zai kama shi, tsakaninsu kuma akwai wurin zama mai daɗi. Haka kowane tauraro yake da wani zobe a kewayensa, inda zafi bai kai ya ƙafar da ruwa ba, sanyi kuma bai kai ya daskarar da shi ba. A 1993 James Kasting na Amurka da abokan aikinsa suka lissafa cewa zoben ranarmu ya fara daga wajen kilomita miliyan 142 zuwa miliyan 205. Duniyarmu tana kilomita miliyan 150, wato kusa da bakin ciki. Lissafin da aka yi daga baya ya ƙara tura bakin waje har ya haɗa da Mars.

To amma ya kamata mai karatu ya lura, zama a cikin zoben sharaɗi ne na farko kawai. Wata yana tare da mu a ciki, amma ba shi da iska, ba tafki ko ɗaya. Mars tana da busassun kwaruruka da ke nuna koguna sun taɓa gudana a can, sai dai iskarta ta sirance, nauyinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, ruwan da ya rage ya zama ƙanƙara.

Labarin Zara matar wata ya fi ban tsoro. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, tana kilomita miliyan 108 daga rana, amma iskar kabon mai kauri ta lulluɓe ta tana riƙe zafi, har ya kai digiri 460, zafin da ke narkar da dalma. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a kanta a 1982, ya aiko da hotunan wani fili mai faffaɗan duwatsu, bayan minti 127 ya yi shiru.

Ta yaya ake gano duniyar da ido ba ya gani? Michel Mayor da Didier Queloz na Suwizalan, waɗanda suka gano ta farko a kewayen tauraro irin rana a 1995, sun lura ne da yadda tauraron ke ɗan rangaji saboda jan da duniyar ke masa. Na'urar hangen nesa ta Kepler, da aka harba a 2009, wata dabara ta bi: ta zuba wa taurari kusan 150,000 ido, tana jiran hasken ɗayansu ya ɗan dusashe idan duniya ta gifta ta gabansa. Giftawar duniya irin tamu ba ta rage ko kashi 1 cikin 10,000 na hasken rana, sai a duba irin haƙurin da aikin ke bukata.

Tauraro ƙarami, zobensa kusa da shi yake. Proxima Centauri, maƙwabcin rana mafi kusa, haskensa na ɗaukar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso nan, kuma a 2016 aka gano duniya a zobensa wadda shekararta kwana 11 ce kacal. A 2017 tawagar Michaël Gillon na jami'ar Liège a Beljiyam ta sanar da duniyoyi bakwai a kewayen wani ƙaramin tauraro, TRAPPIST-1, uku daga ciki a zoben. Jaridu sun yi ta murna, har wasu suka fara maganar ƙaura, wanda gaggawa ce. Irin waɗannan ƙananan jajayen taurari suna yawan aman wuta da ka iya kwashe iskar duniyar da ke kusa da su, kuma ana zaton duniyoyin gefe ɗaya suke fuskantar tauraronsu kullum, ɗayan gefen na cikin dare har abada. Da na'urar hangen nesa ta James Webb ta auna zafin wadda ta fi kusa da TRAPPIST-1 a 2023, ba ta ga alamar iska mai kauri ba, ko da yake ita dama tana wajen zoben.

Akwai kuma ruwan da bai damu da zoben ba. Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupita, yana can nesa cikin tsananin sanyi, amma alamu sun nuna akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa, wanda jan Jupita ke matsawa yana ɗumamawa. Amurka ta harba kumbon Europa Clipper a watan Oktoban 2024 don ya bincika, ana sa ran isarsa a 2030.