Wuni Guda a Birnin Damagaram

Mai son ganin Birni, ya zaɓi lokacin hunturu. Zafin bazara a Damagaram ba ya barin mutum ya yi yawon ƙafa. Daga Kano ta Daura da Matamai tafiyar ta kai kilomita 240, don haka a yi sammako, da takardun shaida da kuɗin sefa a aljihu.

A fara da fadar Sultan. Ba a afka mata haka kawai: a gaida dogarai, a nemi iso, a tuɓe takalmi inda aka ce, kada a ɗauki hoto sai da izini. Daga nan a nemi ɗan gari ya yi jagora cikin lunguna, domin Birni ba ta ganuwa daga cikin mota. A tsaya a dubi zanen soraye, da manyan duwatsu, da ragowar ganuwar Sarki Tanimu. Nan Turawan Faransa suka kama a 1899, kuma Damagaram ce hedkwatar Nijar kafin Yamai ta karɓa a 1926.

In an dace da Alhamis, a ƙarasa kasuwar Dole a sayi kayan fata. A kamo hanyar gida kafin la'asar.