Ba Kowace Hanyar Karkara Ake Bi Da Mota A Ingila Ba

Tambaya: Ina zaune a Ingila. Zan iya bin hanyoyin da suka ratsa gonaki da motata?

Amsa: Ɗan'uwa, yi hattara. Sashe na 34 na dokar zirga-zirga ta 1988 ya haramta tuƙi a hanyar ƙafa da ta dawaki ba da izini ba. Wata doka ta 2006 kuma ta soke haƙƙin mota a kan tsofaffin hanyoyi da dama, aka bar su ga masu tafiya a ƙasa, dawaki, kekuna da keken doki. Ganin sawun taya a laka ba hujja ba ce. Duba taswirar hukumar yankinku tukuna. Ko hanyar da aka halatta, sai da lasisi da inshora, kuma akan rufe wasu lokacin hunturu don kada tayoyi su kwaɓe su.