Kowace Tawada da Alƙalaminta

'Yan'uwa masu koyon aikin malanta, duk wanda ya sayi alƙalami mai shan tawada, wajibi ne ya san abin da zai shayar da shi.

A 1884 wani mutumin Amurka, Lewis Waterman, ya yi rajistar irin nasa. Asirinsa waɗansu 'yan siraran hanyoyi ne a ƙarƙashin bakin. Tawada na gangarowa, iska na shiga tana maye gurbinta. In hanyoyin nan suka toshe, rubutu ya tsaya ke nan.

To, tawadar allo gawayi ce da ƙaro. Ta zane kuwa, wadda Turawa ke kira tawadar Indiya, da kunkunniya a ke yinta. Duka biyu suna daskarewa cikin hanyoyin, saboda haka sai a bar su ga alƙalamin kara da na ƙarfe mai tsomawa. Mai shan tawada sai tsinkakkiya, irin Quink, wadda kamfanin Parker ya fitar a 1931.

Da hunturu a nan Shadawanka tawada kan bushe nan da nan. Ka rufe murfi da ka gama rubutu, kana ka wanke alƙalamin da ruwan sanyi kowane wata.