Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ɗalibi Ke Koyon Binciken Ƙasusuwan Da

Wani mai sauraronmu daga Sakkwato, ɗalibi a shekararsa ta biyu a jami'a, ya tambaya ko mai neman digiri na farko zai iya shiga binciken ƙasusuwan halittun da suka shuɗe. To, Malam, zai iya, kuma tambayarka ta faranta mana rai.

A Amurka hukumar kimiyya ta ƙasa tana biyan kuɗin horo na kimanin mako 10 a lokacin hutu, inda ake haɗa ɗalibi da malami guda. Aikin na haƙuri ne. Za a ba ka ƙashin da aka naɗe da filasta, ka zauna da allura da ɗan burushi kana kankare dutse ƙwaya-ƙwaya, wani lokaci yini guda a kan haƙori ɗaya. Daga nan sai awo: tsawon muƙamuƙi, yawan haƙora, fasalin gaɓoɓi. Waɗannan siffofi ake shigarwa kwamfuta, ita kuma ta kwatanta su, ta fitar da bishiyar dangantaka da ke nuna wace halitta ta fi kusanci da wacce.

Kai kuwa abin nema yana ƙofar gidanka. A 1972 masana suka raɗa wa wani ƙaton ƙadangaren teku suna Goronyosaurus, saboda a yankin Goronyo aka tono shi. Can Gadufawa a Nijar aka samo ƙasusuwan wata halitta mai suna Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500. Ka je sashen nazarin duwatsu, ka gaida malami, ka roƙi ya riƙa tafiya da kai aikin daji, ko da ɗaukar jaka ce da rubuta lambar samfuri.