Darasi: Idan Injin Akori-kura Ya Fara Ƙwanƙwasa

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na ƙasar Jibiya akori-kura guda ce ke ɗauko taki, ta kai gero kasuwar Lahadi, ta kuma kai mai naƙuda asibiti a Katsina cikin dare. Yawancinsu tsofaffi ne, Peugeot 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ko Toyota Hilux. Inji ba ya bugawa ba sanarwa, sai ya fara yin ƙara. Wanda ya gane ƙarar da wuri, gyaran fulogi zai yi. Wanda ya yi biris, inji zai saya.

Ƙara iri uku ce

1. Ƙara siririya kamar tsakuwa a gwangwani. Ana jin ta sa'ad da mota ke hawa tudu da kaya, ko an taka totur a babbar giya. Fetur ne ke fashewa a cikin silinda maimakon ya ci wuta a hankali. In aka bar ta, tana iya huda fistin.

2. Ƙas-ƙas daga saman inji, wadda ke bin gudunsa. Yawanci tazarar tafet ce ta buɗe. Bakanike zai daidaita ta ba tare da sauke inji ba.

3. Bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar guduma, sau da yawa tare da jar fitilar baƙin mai. Wannan metal ne ya cinye. A kashe mota nan take, a jawo ta zuwa gareji.

A lura: injin dizal yana da ɗan bugu na halitta, musamman da safe kafin ya yi zafi.

Yadda za a bincika

A fara da mai arha kafin mai tsada.

Na ɗaya, baƙin mai. A zaro sandar awo. In ya yi ƙasa, a cika. In ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, kada a sake tayar da injin.

Na biyu, fetur. A ina aka sha na ƙarshe? A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutane da yawa suka koma wajen 'yan bumburutu. Man jarka wani lokaci akan gauraya shi da kananzir, shi kuwa kananzir yana jawo ƙara ta farko. In ƙarar ta fara bayan shan mai, a juye tanki, a canza filta, a zuba mai kyau.

Na uku, zafi. A duba ruwan lagireto da fanbel. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe fuskar lagireto, a wanke ta. Kada a buɗe murfinsa inji na da zafi, tururi yana ƙona fuska.

Na huɗu, fulogi da tayimin. Fulogi da bakinsa ya yi fari fat yana nuna inji na zafi ko fetur ya yi kaɗan. In tayimin ya yi gaba, bakanike zai ɗan juya distributa baya, a gwada a tudu.

Na biyar, don gano bugun ƙasa, bakanike kan zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Silindar da bugu ya ragu a kanta, nan ciwon yake.

Rigakafi

A canza baƙin mai da filtarsa kada a wuce kilomita 5,000, ƙasa da haka in hanyar rairayi ake bi. A kakkaɓe filtar iska kowane mako. A rage giya kafin tudu. Kada a yi lodin da ya fi ƙarfin mota don ragin sawu ɗaya. Kwamitin mota ya ajiye littafi na rubuta ranar juye da inda aka sha mai, a kuma ware wani abu daga kuɗin kowane sawu domin gyara.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wa ke duba baƙin mai da ruwa kowace safiya a motarku?
2. In direba ya ji bugu a hanya, yana da izinin tsayawa ba tare da tsoron faɗan kwamiti ba?
3. In motar ta kwanta wata guda, wa zai kai marasa lafiyarku asibiti?