Ƙudan Gonar Wake da Na So In Raɗa wa Suna

A hutun daminar bara, cikin Agusta, ina gonar wakenmu a bayan garin Sule Tankarkar, kusa da wani kududdufi, na ga wani siririn ƙuda a kan ganye. Kore ne yana ƙyalli kamar sabon kwano, ya miƙe a kan dogayen ƙafafu. Ba koren ƙudan nan na mahauta ba ne, wancan mai tumbi ne, wannan kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na kama biyu da leda na jefa a kwalin ashana. Da ma ina neman abin da zan yi furojet a kansa, kuma a raina har na gama raɗa masa sunan garinmu.

Da muka dawo makaranta na buɗe kwalin a gaban malamin da ke duba aikina. Ashe kiyashi sun riga mu, fiffike ɗaya da ƙafafu uku suka bari. Malam ya yi murmushi ya ce, "To mai bincike, ran nawa ga wata ka kama shi?" Ban rubuta ba. Ya ce in koma in sake kamowa kafin kududdufin ya ƙafe, idan ba haka ba in nemi wani batun.

A ƙarshen Satumba na koma. Wannan karon na jera robobin cin abinci rawaya guda shida tsakanin kunyoyin wake, kowace da ruwa da ɗan garin sabulu. Launin ne ke jawo ƙudan, sabulun kuma ya hana shi tashi daga ruwan. Da yamma na tace, na zuba a kwalba mai sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Takardar shaida kuma cikin kwalbar ake saka ta, a rubuta da fensir don biro yakan zube: wuri, rana, irin shukar, sunan mai kamawa. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda, komai kyansa, ba hujja ba ne.

Tantancewa daga sama ake fara ta a sauko. Fiffike biyu kacal, da wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar ashana a bayansu: wannan rukunin Diptera ne, inda ƙudan gida da sauro da tsando suke. Ƙyallin jiki, siririn ciki, manyan idanu da dogayen ƙafafu su suka kai ni dangin Dolichopodidae, sunan da ke nufin "doguwar ƙafa" a harshen Girka. An bayyana nau'i sama da 7,000 a wannan dangi a duniya. Mafarauta ne, suna cin ƙananan ƙwari masu taushin jiki irin su darɓa. Wato duk feshin da muke yi wa wake har da 'yan aikinmu na kyauta muke kashewa.

Daga nan aiki ya koma ƙarƙashin madubin lab. Jijiyoyin fiffike ba ado ba ne, kowace da sunanta. A nawa, jijiyar da ake kira M ta rabu biyu kusa da ƙarshe, kuma saman kai ya lotsa a tsakanin idanu. Waɗannan biyun alamar ƙaramin dangin Sciapodinae ne, masu son zama a kan ganye. Na bi mabuɗin tantancewa na littafin Manual of Afrotropical Diptera, juzu'i na biyu na 2017. Mabuɗin tambayoyi ne biyu-biyu: jijiyar ta rabu, je lamba kaza, ba ta rabu ba, je lamba kaza. Ka kuskure ɗaya, sai ka tsinci kanka a dangin da ba ruwanka da shi. Sau uku hakan ta same ni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne namiji ake nema. Matan nau'o'i da yawa kamarsu ɗaya. Namijin kuwa yana da gaɓar haihuwa naɗe a ƙarƙashin cikinsa, kuma siffarta ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i; wasu mazan har da gashi ko 'yan tutoci a ƙafa da suke kaɗa wa mace. A cikin goma sha ɗaya da na kamo, uku ne maza.

To yaushe ake cewa sabo ne? A nan burina ya sha ruwa. Rashin ganinsa a intanet ba dalili ba ne, haka rashin saninsa a garinku. Sai an gwada shi da bayanin duk nau'o'in jinsinsa da aka taɓa wallafawa, da samfuran asali, waɗanda na Afirka da yawa suna gidajen tarihi na Landan, Faris da Tervuren a Beljiyam. Masana wannan dangi kaɗan ne. Igor Grichanov na birnin St. Petersburg a Rasha ya bayyana na Afirka masu yawa. Akwai kuma gwajin DNA da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, inda ake karanta haruffa kimanin 650 na ƙwayar gadon COI. Yana taimakawa, amma sai in wani ya riga ya saka danginsa a rumbun bayanan.

In ya tabbata sabo, sai dokokin ICZN na raɗa wa dabbobi suna su shigo. A ware samfuri ɗaya, holotayif, a ajiye inda kowane masani zai iya zuwa ya duba. A rubuta abin da ya raba shi da makusantansa, a wallafa. Suna kalma biyu ne, jinsi da nau'i, tsarin da ya kafu tun bugun littafin Linnaeus na 1758, kamar Musca domestica, ƙudan gida. Doka ba ta hana saka sunan gari ba, wannan kam na duba da kyau.

A furojet ɗina "Sciapodinae" na rubuta, na tsaya nan. Mazan uku suna kwalba daban da takardarsu, Malam ya ce bayan jarrabawa zai ba ni wasiƙa in kai su ma'ajiyar ƙwari ta Samaru, Zariya, a gwada da na can.